Datsun 240Z: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Motar Gudu Daga Kwanciya

Datsun 240Z mota ce mai kujeru biyu, mai dogon gaba da gajeren baya, wadda kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya fito da ita a watan Oktoba na 1969. An daina ƙera ta a 1973, ƙannenta 260Z da 280Z suka ɗora har zuwa 1978. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma a Amurka da Japan da Turai da Ostareliya akwai ɗimbin mutanen da da ita suke kwana da ita suke tashi a garejin gidajensu. Akasarinsu ba makanikai ba ne. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan ofis, akwai 'yan fansho, waɗanda suka sayi gawar mota suka jawo ta gida, suka ba ta maraicensu da ranakun hutunsu shekara da shekaru har ta sake taka kwalta. Wasu mayar da ita suke yi yadda ta fito daga masana'anta, ko noti ba su yarda ya canza ba. Wasu kuma injin zamani da birkin zamani suke ɓoyewa a ƙarƙashin tsohuwar fatar. Kowace hanya mutum ya bi, abu guda ne ke yanke hukuncin ko aikin zai kai ƙarshe ko za a yasar da shi a hanya, wato halin da ƙarfen jikin motar yake ciki ranar da aka saye ta.

Asalin motar

Wanda ya yi wayo a Najeriya cikin shekarun 1970 da 1980 ya san sunan Datsun a jikin tasi da motocin ma'aikata irin su 120Y, motoci masu tsimin mai da juriyar wahala. A Amurka ma kafin 1969 kallon da ake yi wa Datsun ke nan: motar mai ƙaramin ƙarfi. Shugaban reshen Nissan na Amurka, Yutaka Katayama, shi ya matsa wa hedikwatar kamfanin a kan a ƙera motar gudu mai rufi wadda dogon Ba'amurke zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa, kuma ma'aikacin albashi ya iya saye. Tawagar Yoshihiko Matsuo ce ta zana siffarta, aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Nissan Shatai da ke Hiratsuka. A Japan an kira ta Fairlady Z, aka sa mata injin lita 2 saboda tsarin harajin ƙasar. Wadda aka fitar waje kuwa injin lita 2.4 aka ɗora mata, mai suna L24, mai silinda shida a jere da kafireta biyu, ƙarfin doki 151 bisa ma'aunin Amurka na wancan lokaci. Nauyinta bai wuce tan guda da 'yan kai ba, kowace taya da nata sifirin da shok mai zaman kansa, tana kuma iya kai kilomita 200 a sa'a.

Farashin ne ya girgiza kasuwa: dala 3,526. Jaguar E-Type da Porsche 911 sun fi ta tsada nesa ba kusa ba, ƙananan motocin Ingila masu farashi kusa da nata kuma ta fi su gudu, ta fi su rashin yawan lalacewa. Cikin shekara huɗu an sayar da kusan 150,000 a Amurka kaɗai. A fagen tsere, John Morton ya ci gasar rukuninsa ta Amurka da ita a 1970 da 1971 a ƙarƙashin tawagar Peter Brock. A Afirka kuma ta yi suna a gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake ɗauka a matsayin mafi tsanani a duniya a zamanin: Edgar Herrmann da Hans Schüller sun zo na ɗaya da ita a 1971, Shekhar Mehta da Lofty Drews suka maimaita a 1973. Motar da ta ci gasar 1971 tana ajiye a taskar tarihin Nissan da ke Zama, da lotsewar da hanyoyin Safari suka yi mata.

Dalilin da ya sa masu gyaran gida suka fi karkata gare ta a bayyane yake. An ƙera ta da yawa, saboda haka kayan gyaranta ba su ɓace ba. Babu kwamfuta a cikinta ko ɗaya. Injinta ɗan babban dangi ne, domin Nissan ta sa injinan L a motoci iri-iri, daga Bluebird da Laurel har zuwa Patrol, kuma kayan wannan sukan shiga wancan. Wurin injin kuma faɗi gare shi, mutum na iya kai hannu ko'ina da sifana ba tare da ya kwance rabin motar ba.

Tsatsa

Nissan ta sami sauƙin nauyin motar ne ta hanyar amfani da siririn ƙarfe, kuma a wancan zamani ba a yi masa kariyar kirki daga ruwa ba. Ga shi kuma 240Z ba ta da shasi daban da za a ɗaga jiki a ajiye gefe. Jiki da shasi abu guda ne da aka haɗa da walda, shi ke ɗauke da injin, shi ke riƙe da ƙafafu. Idan tsatsa ta ci shi, ƙashin motar ta ci. A jihohin arewacin Amurka da Turai inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da yawa daga cikin waɗannan motoci sun ruɓe tun ba su cika shekara goma ba. Shi ya sa har gobe masu saye ke farautar motar da ta yi rayuwarta a busassun wurare irin su Arizona da cikin Kalifoniya, su biya kuɗin ɗauko ta zuwa Birtaniya ko Holand ba tare da sun ji ciwo ba.

Wuraren da tsatsar ke fara kamawa sanannu ne. Na farko shi ne mazaunin batir: ruwan batir yakan ɗiga ya cinye farantin da ke ƙarƙashinsa, ya gangara bangon da ya raba injin da ɗakin zama, ya sauka kan dogon ƙarfen shasi na wannan gefen. Sai daɓen motar a wurin sa ƙafa, inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin shimfiɗar kwalta da masana'anta ta manna don rage ƙara. Sai dogayen ƙarafa biyu masu rami a ciki da suka bi ƙarƙashin daɓen, waɗanda sau da yawa za a tarar masu ɗaga mota da jak sun lotsa su tun da daɗewa. Sai dokin ƙofa, musamman ƙarshensa na gaban tayar baya, da kewayen ramin tayoyin baya, da leɓen da ƙofar baya mai gilashi ke sauka a kai, da ramin safayar taya.

Gogaggen mai saye ba ya fara duba fenti, ba ya ma damuwa da a tayar masa da injin. Yakan zo da tocila da ƙaramin maganaɗisu da sukundireba. Zai ɗaga kafet, ya kwanta ƙasa ya leƙa, ya soki duk inda ya ga fentin ya kumbura. Zai bi gefen motar da maganaɗisun a hankali: inda ya kama, ƙarfe ne, inda ya saki ya faɗo, fila ce aka cusa aka goge aka fesa wa fenti. Mota mai sheƙi wadda aka fesa wata uku kafin a kai ta kasuwa ta fi ban tsoro a kan wadda fentinta na asali ya koɗe ya tsattsage, domin ita ta biyun ba ta ɓoye komai ba. A nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Sukan ga mota mai araha, injinta na tashi, su ɗauka sun yi tsintuwa, alhali injin shi ne abu mafi sauƙin gyara a duk motar. Injin L da ya mutu ana iya samun madadinsa a ɗora cikin kwana biyu. Jikin da ya ruɓe kuwa yana iya cin ɗaruruwan sa'o'i na walda, kuma idan ƙwararre za a biya, kuɗin aikin kan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gama. Araha ba ta ado.

Akwai kuma lambobi. Lambar jikin 240Z mai sitiyari a hagu tana farawa da HLS30, an buga ta a bangon injin, tana kuma kan farantin da ke cikin wurin injin tare da lambar injin da motar ta fito da shi. Idan lambar da ke kan farantin ta yi daidai da wadda ke jikin injin, motar na da injinta na haihuwa, kuma darajarta daban ce. Na farko-farkon da aka ƙera zuwa farkon 1971 ana gane su da ƙananan tagogin iska guda biyu a ƙasan gilashin ƙofar baya; daga baya aka mayar da su gefe. Waɗannan su ne masu tara motoci suka fi kwaɗayi.

Kwancewa da aikin ƙarfe

Kwance mota abu ne mai daɗi da sauri, kuma a nan haɗarinsa yake. Cikin mako biyu mutum zai iya mayar da ita tsibin ƙarafa, amma harhaɗawar sai bayan shekara uku ko biyar, lokacin da ya manta wane bol ne na ina. Masu tsari sukan ɗauki hoton kowane abu kafin su taɓa shi, su zuba notina da bol na kowane sashe a leda daban su rubuta suna, su liƙa wa kowane bakin waya takarda. Ba sa kuma zubar da komai, ko da ya lalace, sai sabon ya iso an gwada ya zauna. Kasuwar tsofaffin motoci cike take da Z da ake sayarwa a kwali-kwali, waɗanda masu su suka kwance da zumuɗi, sannan aure ko haihuwa ko sauyin aiki ya zo, ƙura ta rufe su.

Idan an cire injin da giya da ƙafafu da gilasai da wayoyi, abin da ya rage ƙwarya ce da mutum huɗu za su iya ɗagawa. Akan ɗaure ta gaba da baya a kan wani abin ƙarfe mai juyawa, kamar yadda ake juya rago a kan wuta, domin a yi waldar ƙasanta a tsaye maimakon a kwance tartsatsi na zubo wa mutum a fuska. Daga nan sai a cire tsohon fenti. Feshin yashi na da sauri, amma a kan shimfiɗaɗɗun wurare kamar rufi da bonet yakan lanƙwasa siririn ƙarfen Z har ya ƙi gyaruwa, don haka akan bar shi ga ƙasa da lunguna, a bi saman da magani ko injin guga. Wasu kan kai ƙwaryar gaba ɗaya a tsoma ta cikin tankin sinadari. Duk hanyar da aka bi, ranar da ƙarfe ya fito tsirara ita ce ranar da mai mota ke sanin gaskiyar abin da ya saya, kuma da wuya labarin ya zo da daɗi.

Kafin a yanke daɓe ko dokin ƙofa, wajibi ne a gicciya ƙarafa a cikin ɗakin motar a yi musu walda ta wucin gadi. In ba haka ba, da zarar an cire ƙarfen da ke riƙe da tsakiya jikin zai ɗan saki, ko da milimita uku ko huɗu ne, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka zo rataya ƙofa ta ƙi rufuwa daidai. Ana yin gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a yanke ba ya zama abin awo. A yau ƙananan kamfanoni na buga sababbin faranti na kusan kowane sashe na jikin motar, abin da babu shi shekara talatin da suka wuce, sai dai da wuya farantin ya zauna ba tare da an rage nan an buga can ba.

Waldar kanta sai da haƙuri. Ƙarfen bai kai kaurin milimita ɗaya ba a wurare da dama. Idan aka ja wuta a miƙe zai huje ko ya murɗe. Mai aikin kan haɗa bakin sabon ƙarfe da bakin tsohon ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ya ɗiga walda guda, ya tsallaka can nesa ya ɗiga wata, ya jira wurin ya huce har ya iya ɗora tafin hannunsa, sannan ya dawo ya cike tsakani ɗigo bayan ɗigo. Facin da bai fi tafin hannu biyu ba yana iya cin yini. Masu gaggawa sukan ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen su bi gefe da wuta su shafe da fila, ruwa ya sami wurin kwanciya a tsakani, bayan damina uku aikin ya dawo sabo. Idan an gama, akan rufe ƙarfen da fentin share fage mai hana ruwa shiga, a toshe duk mahaɗa, a fesa kakin hana tsatsa cikin ramukan shasi da dokin ƙofa, wato wuraren da masana'anta ta bari tsirara tun farko. Fentin ƙarshe yawancin masu gyaran gida kan kai wa ƙwararru, kuma gara haka, domin sinadarin da ke cikin fentin zamani mai haɗi biyu yana lahanta huhu idan babu abin shaƙar iska na musamman.

Injin da ƙafafu

Injin L24 gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyam, karanshaf ɗinsa na zaune a kan mazauni bakwai, abin da ya sa yake da jimiri. Gyaransa na yau da kullum ne: a auna silinda, a sa sababbin ringi ko fiston, a canza metal, a gyara mazaunin bawul ta yadda zai jure man fetur na yanzu marar dalma. Amma yana da tarkuna biyu da duk wanda ya taɓa shi ya sani. Idan za a cire kan injin, sai an tura wani siririn katako tsakanin ɓangarori biyu na sarƙar taimin an datse ta. Wanda ya manta, sarƙar za ta saki, abin da ke tsuke ta a ƙasa ya fito daga raminsa, kuma ba yadda za a mayar da shi sai an kwance duk murfin gaban injin. Na biyu shi ne siririn bututun da ke fesa wa kamshaf baƙin mai a injinan farko. Idan ƙananan hudojinsa suka toshe da datti, kamshaf zai ci kansa cikin ɗan lokaci.

Kafiretocin Hitachi guda biyu na 1970 zuwa 1972, masu zagayayyen kai, sauƙi gare su. Akan zuba ɗan mai a saman kowace, a daidaita iskar da suke ja har ta zo ɗaya, a juya notin da ke ƙasa don rage ko ƙara fetur. Na 1973 masu shimfiɗaɗɗen kai an yi su ne don cika dokar hayaƙi ta Amurka, suka yi ƙaurin suna wajen shaƙewa idan injin ya yi zafi, saboda haka da yawa an cire su an mayar da irin na farko. Tankin mai kusan kullum akan same shi da tsatsa a ciki, tsofaffin robobin mai kuma ba sa jure fetur ɗin da aka gauraya da etanol, duk sai an sauya.

A ƙafafun baya akwai wani dogon fin da ya haɗa hannun taya da gindin shok. Shekara hamsin na ruwa da laka sukan manne shi har ya zama kamar an yi masa walda. Wanda ya kai masa guduma kai tsaye zai baje kansa ya ƙara wa kansa aiki. Akan jiƙa shi da mai kwana da kwanaki, a gasa shi da wuta, a ja shi da wata na'ura da masu Z suka ƙirƙira don shi kaɗai, wani lokaci kuma sai an kai ga injin matsa mai nauyin tan da yawa. Wayoyin lantarki su ma da nasu aibin: wutar manyan fitilu tana bi ta makunnin da ke jikin sitiyari da akwatin fis kai tsaye, har robar akwatin takan narke. Sa rile guda biyu na magance wannan, kuma ko masu tsananin riƙo da asali sukan kau da kai a kansa. Robobin ƙofar baya da na fitilun baya kuma ba abin wasa ba ne, domin siffar motar na sa hayaƙin salansa ya dawo ciki idan sun saki.

A bar ta yadda take, ko a canza ta

A nan ne masu Z suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na ganin motar kayan tarihi ce. Sukan nemi launin da ke rubuce a takardar da aka liƙa kusa da lagireto, su nemi dashbod ɗin da rana ba ta tsaga ba, su sa tayoyi sirara masu inci 14 da marfin wili na asali, har kalar bol sai ta zama irin ta masana'anta. Kasuwa na bayansu. A watan Janairu na 2020 an sayar da wata 240Z ta 1971 wadda ba a taɓa kwance ta ba, mai tafiyar mil dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai, a kan dala 310,000 a dandalin gwanjo na Bring a Trailer. A wannan watan kuma a Tokyo wata Fairlady Z432R, irin wadda aka yi 'yan kaɗan don tsere, ta haura yen miliyan 88. Ita kanta Nissan ta taɓa shiga wannan aiki: da ta daina sayar da 300ZX, Z ɗin wancan lokaci, a Amurka a 1996, ta sayi tsofaffin 240Z ta ba da su aka gyara, ta sayar da su da garanti a kan kimanin dala 27,500. An yi niyyar yin 200, amma ba a kai 40 ba aka tsaya, saboda aikin ya fi yadda aka zata tsada da cin lokaci. Idan kamfanin da ya ƙera motar ya ji a jikinsa, mai gareji ɗaya ya san abin da ke gabansa.

Ɗaya ɓangaren na cewa an yi Z ne don a tuƙa ta, kuma tun tana sabuwa ake canza ta. Wannan gaskiya ne. A 1971 Nissan da kanta ta fitar da 240ZG a Japan mai dogon hanci da ƙarin marfin taya da aka kafe da ƙusoshi, siffar da ake kwaikwayo har yau. A shekarun 1970 wani kamfani a Kalifoniya mai suna Scarab ya riƙa ɗora mata injin Chevrolet mai silinda takwas. Canjin da aka fi yi shi ne na cikin dangi: injin L28 na 280Z, giya mai hawa biyar ta 280ZX a maimakon mai hawa huɗu, da aksul ɗin baya mafi ƙarfi mai suna R200 a gurbin R180. Duk waɗannan da sifana ake ɗaura su, da sifana kuma ake cirewa. Masu neman ƙari sukan ɗauki karanshaf ɗin injin dizal na LD28, su faɗaɗa silindar L28 zuwa milimita 89, injin ya koma lita 3.1, su jera masa kafireta uku na Weber ko Mikuni. Gaba da nan sai injinan da ba na dangin L ba: RB26 na Skyline GT-R, kamar wanda ɗan wasan fim Sung Kang ya sa a tasa ta 1973 da aka nuna a baje kolin SEMA a 2015, ko 2JZ na Toyota, ko LS na Chevrolet.

Ba kowane canji ne ke da hankali a cikinsa ba. Jikin da aka ƙera don ƙarfin doki 150 idan aka ɗora masa 400 sai ya fara murɗewa, fenti ya tsage a kusurwar rufi, aksul ya fizge mazauninsa. Birkin asali faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma motar ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar hana taya kullewa. Tsarin da ya dace shi ne a fara da ƙarfafa shasi, sai birki, sai shok da bushin da tayoyi, ƙarin ƙarfin injin ya zo a ƙarshe. Da yawa sukan juya wannan tsari domin injin ne ake buɗe bonet a nuna wa jama'a, kuma a nan ake garin gyaran gira a rasa ido. Haka nan wace mota aka zaɓa a canza yana da muhimmanci. Yanka jikin ɗaya daga cikin na farko-farko mai injinta na haihuwa don a faɗaɗa ramin taya ɓarna ce da ba ta da magani, domin ba za a sake ƙera irinta ba. 280Z kuwa, wadda ta fi yawa, ta fi araha, ƙarfen shasinta ya fi kauri ko da yake ta fi nauyi saboda manyan bamba da dokar Amurka ta tilasta, ita ta fi dacewa da mai son ƙarfi. Wanda ya canza wani abu a motar da ke da daraja, ya adana na asalin a gefe domin mai ita na gaba.

Doka ma tana da ta cewa. A Kalifoniya motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙi da ake yi duk shekara biyu, shi ya sa 240Z da 260Z suka fi 280Z ta 1976 zuwa sama farin jini a wurin masu sauya injin. A Jamus, lambar mota mai harafin H da aka soma bayarwa a 1997 ga motocin da suka kai shekara 30 tana kawo sauƙin haraji, amma sai motar ta kasance kusa da asalinta, ko kuma canjin ya zama irin wanda ake yi a zamaninta. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara tun 2018, sai dai idan an yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka gabata. Ƙungiyar FIVA mai kula da tsofaffin motoci a duniya kuma ta bayyana a 2019 cewa motar da aka cire injinta aka mayar da ita mai lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi a wurinta.

Tayarwa

Harhaɗawa takan bi tsari: bututun birki da na mai da wayoyi tun jiki na fili, sai ƙafafu, sai injin da giya a zura su tare ta sama, gilasai da kujeru da kafet a ƙarshe. Kafin a tayar da sabon injin akan cire fulogi a juya shi da sitata har ma'aunin mai ya motsa, a buɗe murfin sama a tabbatar mai na isa kamshaf. Da ya kama, ba a barinsa ya yi sulo. Akan riƙe totur a wajen juyi 2,000 a minti na kimanin minti ashirin domin sabon kamshaf ya zauna, mutum ɗaya na kallon ma'aunin zafi, wani na leƙa ƙasa ko akwai yoyo, abin kashe gobara na kusa. Bayan nan sai a daidaita tazarar bawul da injin na da zafi, milimita 0.25 a na shigar iska, 0.30 a na fitar hayaƙi, a kai motar a saita ƙafafunta, a yi 'yan ɗaruruwan kilomita na farko ba tare da an matsa mata ba, a juye baƙin man a duba ko akwai garin ƙarfe a ciki. Watannin farko ba sa rasa ƙananan matsaloli: ƙofar da ke ƙara, ma'aunin mai da ke ƙarya, ɗigon ruwa a gindin lagireto. Hotunan da aka ɗauka tun ranar kwancewa da rasiɗan kayan da aka saya akan haɗa su a fayil guda a ajiye tare da takardun motar, domin kamfanin inshora da su yake ƙiyasta darajarta, mai saye na gaba kuma su ne kaɗai za su nuna masa irin waldar da ke ƙarƙashin fentin.